Zazzaɓin da ke zuwa bayan mako uku: tarihin haɗurran ƙona zuciya ta bututu

A Lausu, ko cikin garin Rano, ko a ƙauyukan Kibiya, zazzaɓi ba baƙo ba ne. Idan jikin magidanci ya yi zafi, cizon sauro ake fara zargi. Idan maganin maleriya bai ci ba, a koma kan taifot. Idan kuma ya ce yana jin zafi a ƙirji lokacin haɗiyar abinci, ko aka ga jini a amansa, sai a ce gyambon ciki ne ya tashi. Wannan lissafi yakan faɗa daidai a mafi yawan lokuta, shi ya sa ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi da mai kemis suka dogara da shi. Amma akwai mutum guda da lissafin zai iya halakawa: wanda aka yi wa aikin ƙona zuciya ta bututu makonni biyu ko uku da suka wuce, a Alƙahira ko Indiya ko wani babban asibiti mai nisa, ya dawo gida garau, 'yan'uwa suna ta zuwa barka da arziki.

Aikin, wanda likitoci ke kira abileshan, yana cikin manyan nasarorin likitancin zuciya na zamani, kuma mafi yawan waɗanda aka yi musu suna kwana ɗaya ko biyu a asibiti su koma harkokinsu. Haɗurransa masu tsanani ba kasafai suke faruwa ba. Sai dai tarihinsu yana da tsari guda da yake ta maimaituwa tun 1981: duk lokacin da aka sauya dabara don a guje wa wani haɗari, sai wani sabo ya ɓullo, kuma ba a gane shi sai an yi wa dubban mutane aikin. Mafi muni a cikinsu kuwa ba ya bayyana a ɗakin aiki. Yana bayyana ne a gida, a gaban ma'aikacin lafiyar da bai taɓa jin sunansa ba.

Abin da ake ƙonawa

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma lantarki ne yake motsa ta. Akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin halitta a ɗakin sama na dama da ke fitar da siginar bugu, sau 60 zuwa 100 a minti ga babban mutum yana hutawa. Siginar tana ratsa ɗakunan sama, ta bi ta wata siririyar mashiga guda ta sauka zuwa ɗakunan ƙasa, waɗanda su ne ke tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Rikicewar bugun zuciya tana faruwa idan aka haifi mutum da ƙarin hanya wadda siginar ke zagayawa ta cikinta ba tsayawa, ko idan wani wuri a jikin tsokar ya fara harba tasa siginar da kansa. Nau'in da ya fi yawa ga manya shi ne wanda ɗakunan sama ke daina matsawa su koma karkarwa. Jini yakan kwanta a lungun ɗakin hagu ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki.

Dabarar ƙonawa mai sauƙin faɗa ce. A zura siririn bututu, wato kateta, ta jijiyar jini a matsematsin cinya har cikin zuciya, a nemo wurin da ke ta da fitinar, a kashe 'yar tsokar da ke wurin ta zama tabo. Tabo ba ya ɗaukar lantarki, don haka hanyar ta yanke. Wahalar ita ce zuciya ba ita kaɗai take cikin ƙirji ba. Tana da maƙwabta da ke manne da ita, kuma zafi bai san iyakar gona ba.

Daga Eberswalde zuwa San Francisco

A 1929 wani matashin likita ɗan shekara 25 mai suna Werner Forssmann, a wani ƙaramin asibiti a garin Eberswalde kusa da Berlin a Jamus, ya yanka jijiyar hannunsa na hagu, ya zura bututun fitsari kimanin santimita 65 har ya isa ɗakin dama na zuciyarsa, sannan ya ɗauki hoton ƙirjinsa don shaida. Manyan likitocin lokacin sun ɗauki abin a matsayin ganganci, har ya rasa gurbinsa a asibitin Charité na Berlin. Sai bayan da André Cournand da Dickinson Richards suka mayar da dabarar hanyar bincike a asibitin Bellevue na New York a shekarun 1940 ne darajarta ta fito, aka ba su ukun kyautar Nobel a 1956.

Mataki na gaba shi ne sauraron lantarkin zuciya daga ciki. A 1967 Dirk Durrer da abokan aikinsa a Amsterdam suka nuna cewa za a iya ta da rikicewar bugu da gangan, a kuma tsayar da ita, ta hanyar aika 'yan siginoni ta bututu. A 1969 Benjamin Scherlag a New York ya bayyana yadda ake naɗar siginar mashigar nan da ke tsakanin sama da ƙasa. Tsakanin waɗannan biyu, a 1968, wani likitan tiyata mai suna Will Sealy a Jami'ar Duke ta Amurka ya buɗe ƙirjin wani masunci, ya yanke ƙarin hanyar da aka haife shi da ita, mutumin ya warke. Wannan ya tabbatar da cewa ciwon yana da mazauni, kuma idan aka lalata mazaunin an gama. Abin da ya rage shi ne a yi hakan ba tare da tsaga ƙirji ba.

Melvin Scheinman na Jami'ar Kalifoniya a San Francisco ne ya fara yi wa ɗan Adam a 1981, John Gallagher na Duke kuma ya biyo baya ba da jimawa ba. Rahotanninsu duka sun fito a 1982. Makaminsu shi ne na'urar da ake farfaɗo da zuciyar da ta tsaya. Ana haɗa ta da bututun, a sa majinyaci barci, a sake masa wutar da ta kai ɗaruruwan jul a cikin zuciya. A bakin bututun tartsatsi ne ke tashi, jini ya tafasa nan take, iska ta fashe kamar ƙaramar nakiya. Manufar farko ita ce a kashe mashigar tsakiya gaba ɗaya, don haka majinyacin yakan rayu da batirin zuciya har ƙarshen ransa. Wasu kuwa bangon zuciyarsu ya huje, jini ya taru a jakar da ke lulluɓe da ita ya matse ta har ta kasa cika. Wasu sun mutu farat ɗaya kwanaki ko watanni bayan aikin. Waɗanda suka fara aikin sun yi wani abu mai muhimmanci: sun buɗe rajistar haɗin gwiwa inda cibiyoyi ke aika sakamakonsu, mai daɗi da marar daɗi. Ta nan aka ga girman haɗarin, domin babu asibiti guda da ya tara majinyatan da za su isa a gan shi.

A 1987 Martin Borggrefe da abokansa a Düsseldorf suka ba da rahoton yanke ƙarin hanya a jikin mutum da wani makamashi na daban: lantarki mai saurin kaɗawa, kusan sau 500,000 a daƙiƙa, irin wanda likitocin tiyata suka daɗe suna tsayar da jini da shi. Wannan ba ya fashewa, dumama tsoka yake yi a hankali. Da zarar zafi ya wuce digiri 50 tsokar ta mutu, tabon kuma bai wuce 'yan milimitoci ba. Zuwa 1991, lokacin da Warren Jackman na Oklahoma ya wallafa sakamakonsa, tsohuwar dabarar wuta ta fara zama tarihi. Haɗarin da ya saura sananne ne kuma ana ganinsa a take: hujewar bango, gudan jini, ko kuskuren ƙona mashigar tsakiya, wanda ke faruwa ga kusan mutum ɗaya cikin ɗari a wasu nau'o'in aikin.

Jijiyoyin huhu

Karkarwar ɗakunan sama ta ci gaba da gagarar bututu, domin an ɗauka ba ta da mazauni guda. James Cox a St. Louis ya ƙirƙiro tiyatar da ake yanka ɗakunan sama a ɗinke su bisa wani zane mai kama da lunguna, ya fara yi a 1987, amma babbar tiyata ce ta buɗe ƙirji. Sauyin ya zo daga Bordeaux a Faransa. A 1998 Michel Haïssaguerre da tawagarsa suka wallafa binciken majinyata 45, inda suka nuna cewa kashi 94 cikin 100 na wuraren da ke kunna karkarwar suna cikin bakin jijiyoyi huɗu da ke dawo da jini daga huhu zuwa ɗakin hagu. Wannan takarda ita ce ta buɗe ƙofar aikin da a yau ake yi wa dubban ɗaruruwan mutane kowace shekara a duniya.

Da farko likitoci sun riƙa shiga cikin jijiyoyin suna ƙona wurin kai tsaye. A cikin shekarar nan ta 1998 aka fara ba da rahoton abin da hakan ke jawowa. Tabo yana tsukewa idan ya warke, kuma tabon da ya zagaye bakin jijiya yana shaƙe ta kamar an ɗaure bakin buhu. Jini ya kasa fita daga wannan sashe na huhu. Bayan watanni majinyaci ya fara tari, numfashi ya yi masa wuya, wani lokaci ya tofar da jini. Da yake watanni sun shige, ba shi ba likitan da ya je wurinsa, ba wanda ke danganta tarin da aikin zuciya. A Turai da Amurka an yi wa irin waɗannan majinyata maganin ciwon sanyin huhu da asma, wasu ma an zarge su da sankarar huhu. A ƙasar Kano, inda tari da jini ke nufin tarin fuka har sai an tabbatar da akasi, ba wuya a hango inda irin wannan mutum zai ƙare: watanni shida yana shan maganin ciwon da ba shi da shi.

Maganin da aka samo shi ne a fito daga cikin jijiyoyin, a zana da'irar ƙuna a wajensu, a jikin bangon ɗakin hagu, yadda za a killace su ba tare da an taɓa bakinsu ba. Carlo Pappone na Milan a Italiya yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan salo a wajajen shekarar 2000. Tsukewar jijiya ta ragu ƙwarai. Amma da'irar da aka faɗaɗa dole ta ratsa bangon baya na ɗakin, kuma a bayan wannan bango akwai maƙwabci.

Maƙwabcin da ke bayan bango

Hanyar abinci, wadda ta taso daga maƙogwaro ta sauka zuwa tumbi, tana wucewa ne daidai bayan ɗakin hagu na zuciya. Bangon ɗakin a wurin siriri ne, milimita biyu zuwa uku a wasu sassa, kuma a jikin mutane da yawa tazarar da ke tsakanin cikin zuciya da hanyar abinci ba ta kai milimita biyar ba. Zafin da aka saka don ya ratsa bangon zuciya yana iya wucewa ya taɓa ta.

Masu karatu a Arewa sun san kalmar yoyo daga yoyon fitsari, lalurar da asibitin Babbar Ruga a Katsina da cibiyar Laure a Kano suka shahara wajen gyarawa: ƙofa ce da ke ɓullewa tsakanin gaɓoɓi biyu da bai kamata su haɗu ba. Irinta ce ke iya buɗewa tsakanin hanyar abinci da zuciya. Ba ta buɗewa ranar aikin. Ƙunar tana farawa a matsayin ɗan gyambo a bangon hanyar abinci. Ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da wurin sun lalace, ruwan tsami na tumbi yana taso masa, gyambon yana ƙara zurfi kwana bayan kwana, har ya huda zuwa cikin zuciya. Daga nan iska da ƙwayoyin cuta na baki da abinci suna samun hanya kai tsaye zuwa ɗakin da ke aika jini ga ƙwaƙwalwa da dukan jiki. Abin da ake gani shi ne zazzaɓi da rawar sanyi, zafin ƙirji ko zafin haɗiya, sai rikicewar hankali, farfaɗiya ko shanyewar jiki, wani lokaci kuma aman jini.

Likitocin tiyata ne suka fara cin karo da ita a farkon shekarun 2000, lokacin da suke ƙona bangon a buɗe. A 2004 rahotanni biyu suka fito game da aikin bututu, ɗaya daga tawagar Pappone, ɗaya daga Mauricio Scanavacca a São Paulo ta Barazil. A 2006 Jennifer Cummings da abokan aikinta suka tattara labarin majinyata tara daga cibiyoyi daban-daban. Dukansu sun fara rashin lafiya bayan an sallame su da kwanaki, dukansu sun ga likita, dukansu sun mutu, kuma huɗu ne kawai aka gane ainihin ciwonsu kafin rasuwa. Wannan ya faru ne a ƙasashen da ke da na'urorin hoto a kowane babban asibiti. Abin da aka rasa shi ne wanda zai haɗa zazzaɓin yau da aikin makonni biyu da suka wuce.

Akwai kuma wani tarko. Wanda ya zo da aman jini da zafin ƙirji, abin da likita ya saba yi masa shi ne leƙa hanyar abinci da kyamarar bututu, kuma don a gani sosai ana hura iska a ciki. Idan yoyon ya riga ya buɗe, iskar nan tana shiga zuciya ta wuce ƙwaƙwalwa, majinyaci yana iya shanyewa ko ya mutu a kan gadon binciken. Saboda haka ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya suka tsayar ita ce: idan ana zargin wannan yoyo, hoton ƙirji na siti-sikan tare da allurar ruwan haska jijiya shi ne binciken farko, a kuma guji kyamara mai hura iska.

Ɗaya cikin dubu huɗu

Yawan faruwar abin ya ɗauki shekaru kafin a auna shi. A 2009 Riccardo Cappato ya wallafa binciken cibiyoyi 162 da suka yi wa mutum 32,569 aikin ƙona karkarwar ɗakin sama. Mutum 32 suka mutu, kusan ɗaya cikin dubu. Taruwar jini a jakar zuciya ta kashe takwas, shanyewar jiki biyar, yoyon hanyar abinci biyar. A 2023 wani bincike mafi girma da Roland Tilz na Lübeck a Jamus ya jagoranta ya tattara aiki 553,729 daga cibiyoyi 214 a ƙasashe 35, ya sami yoyon hanyar abinci a mutum 138. Wato kusan ɗaya cikin 4,000. A tsakaice alamomi sun fara ne kwana 18 bayan aikin, wasu har kusan wata biyu, kuma zazzaɓi ne alamar farko da ta fi yawa. Kusan kashi biyu cikin uku na majinyatan sun mutu. Cikin waɗanda aka bar su a kan magani kawai, kusan tara cikin goma ne suka mutu. Cikin waɗanda aka yi musu tiyatar gyara, kusan rabi sun tsira.

Waɗannan alƙaluma suna bayyana dalilin da ya sa irin wannan haɗari ke ɓuya. Likitan da ke yin aiki 100 a shekara zai iya yin shekara 40 kafin lissafi ya kawo masa majinyaci guda mai yoyon. Gwajin sabuwar na'ura da aka yi da mutum 300 zai iya ƙarewa ba a ga ko ɗaya ba, a kuma rubuta da gaskiya cewa ba a gani ba. Rashin gani a ƙaramin adadi ba shaidar rashin abu ba ce. Abin da ke fito da shi fili shi ne tara sakamakon asibitoci masu yawa wuri guda, da bin majinyata bayan sun koma gida.

Sanyi, sannan komawa ga lantarki

Neman tsira daga zafi ya haifar da balan-balan mai daskarewa, wanda ake hurawa a bakin kowace jijiyar huhu ya kashe tsokar da sanyin da ya kai digiri 40 ko 50 ƙasa da sifiri. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disambar 2010. Yoyon hanyar abinci ya fi ƙaranci da shi sosai, ko da yake bai ɓace ba. Nasa haɗarin ya faɗa kan wani maƙwabcin: jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, wadda ta bi ta gefen jijiyoyin huhu na dama. Idan sanyi ya taɓa ta, rabin tantanin ya tsaya, mutum ya riƙa haki idan ya hau tudu ko ya kwanta. Yawanci tana farfaɗowa cikin watanni, kuma likitoci sun koyi motsa jijiyar da sigina yayin daskarewa don su tsaya da zarar ta fara rauni.

Sabuwar dabara ta baya-bayan nan ta koma ga lantarki mai ƙarfi, dangin wanda Scheinman ya fara da shi, amma a gutsure shi zuwa bugu gajeru ƙwarai, kowanne ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Waɗannan ba sa dafa tsoka. Suna huda fatar ƙwayoyin halitta ne, kuma ƙwayoyin tsokar zuciya sun fi na hanyar abinci da na jijiyoyi saurin mutuwa da su. An amince da na'urar farko a Turai a 2021, a Amurka kuma a ƙarshen 2023. A 2024 wani bincike ya duba mutum 17,642 a cibiyoyi 106, bai sami yoyon hanyar abinci ko tsukewar jijiyar huhu ko ɗaya ba. Amma ya sami abubuwa biyu da ba a yi tsammani ba: jijiyar da ke ciyar da zuciya kanta takan ƙanƙance na ɗan lokaci idan aka yi aiki kusa da ita, sannan a mutum biyar jajayen ƙwayoyin jini sun farfashe da yawa har ƙoda ta tsaya, sai da aka yi musu wankin ƙoda. Ƙananan gwaje-gwajen farko ba su nuna girman ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Inda Kano ta tsaya

Tarihin tiyatar zuciya a Nijeriya ya fara ne a Inugu a 1974, lokacin da aka yi aikin buɗe zuciya na farko a asibitin koyarwa na Jami'ar Nijeriya, tare da Magdi Yacoub da Fabian Udekwu. Aikin lantarkin zuciya ya yi jinkiri fiye da haka. Rahoton da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Afirka ta fitar a 2018, wanda ya duba shekarun 2011 zuwa 2016, ya nuna cewa aikin ƙonawa ya taru ne a Afirka ta Kudu da ƙasashen Arewacin Afirka, wasu ƙasashen ma ko dasa batirin zuciya ba a yi a cikinsu. Saboda haka Bahaushen da ke buƙatar aikin, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci ko wanda 'ya'yansa suka haɗa masa kuɗi, yawanci doguwar tafiya yake yi, ya dawo cikin mako ɗaya ko biyu don tsadar masauki. Lokacin da ya fi haɗari, mako na biyu zuwa na shida, yana riskarsa a gida.

Ciwon ma a nan yana da wata fuska ta daban. Wata rajista ta duniya da aka wallafa a 2014 ta nuna cewa fiye da kashi 20 cikin 100 na masu karkarwar ɗakin sama a Afirka suna da lalacewar ƙyauren zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron ƙuruciya da ba a yi wa magani ba, alhali a Arewacin Amurka kusan kashi 2 ne kawai. Ga irin waɗannan, ɗakin hagu ya riga ya buɗe ya yi tabo, ƙuna kaɗai ba ta cika riƙewa ba, kuma gyaran ƙyauren da maganin tsinka jini su ne a gaba. Wani babban gwaji na 2022 ya nuna cewa tsohon maganin warfarin ya fi sabon rivaroxaban amfani gare su. Ga sauran kuwa hawan jini ne babban tushe. Ke nan tambayar farko ga wanda aka ba shawarar tafiya ita ce ko aikin ya dace da irin zuciyarsa, kuma likitocin zuciya na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, suna iya amsa ta da hoton zuciya kafin a sayi tikiti.

Yankin yana da nasa tarihin gane ciwo ta hanyar tara lissafi. A Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978, suna danganta yawan lalurar da kunun kanwa da zafin wankan jego. Shekaru arba'in bayan haka Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci rajistar ƙasa ta wannan lalura, wadda ta haɗa asibitoci da dama kuma ta sake auna tsofaffin bayanan. Irin wannan aiki ne ya tona haɗurran ƙona zuciya a Turai da Amurka. Majinyacin da aka yi masa aiki a wata ƙasa ya rasu a Rano bayan kwana 20 yana iya faɗawa tsakanin littattafai biyu: asibitin da ya yi aikin ya rubuta an sallame shi lafiya, na gida kuma ya rubuta zazzaɓi da shanyewar jiki.

Abin da zai rufe wannan giɓi ba mai tsada ba ne. Wanda aka yi wa aikin ya karɓi takardar sallama da ta faɗi ranar aikin, irin makamashin da aka yi amfani da shi, zafi ko sanyi ko bugun lantarki, da lambar da za a kira likitan. Iyalinsa su san cewa har tsawon wata biyu, zazzaɓi ko zafin haɗiya ko aman jini ko rikicewar magana ba abin kai wa kemis ba ne. A nuna takardar ga ma'aikacin lafiya na farko da aka gani, a nufi asibitin da ke da siti-sikan da likitan zuciya a ranar. Gwajin maleriya da ya nuna akwai ƙwayar ba ya wanke zargin, domin a yankin da sauro ke nan rani da damina mutane da yawa suna ɗauke da ita a jininsu. Maganin tsinka jini da aka rubuta, wanda ƙa'ida ta ce a sha aƙalla wata biyu bayan aikin, kada a yanke shi ba da umarnin likita ba. Idan kuma tari da haki suka zo bayan watanni, a ambaci aikin kafin a fara maganin tarin fuka. A nasa ɓangaren, ma'aikacin lafiya a Babban Asibitin Rano ko a ƙaramin asibitin Kibiya yana buƙatar ƙara tambaya ɗaya ga baƙon zazzaɓin da ya ƙi jin magani: ko an taɓa zura masa bututu a zuciya cikin watanni biyun da suka wuce.